Tukunyar Katsina a murhun Aboabo

Ranar Asabar ta farko da na yi a Kumasi ta ƙasar Gana, cikin watan Fabrairun 2022, maigida ya ƙirgo sidi 300 ya ajiye a gefen tabarmar da nake zaune, ya ce, "Ga na cefanen mako." Na dubi kuɗin, na dube shi. Shekara tara muka yi da aure a Katsina ban taɓa taka kasuwa da sunan cefane ba. Shi ke shigowa da leda da yamma, hatsi yana ɗaki tun kaka, abin da ya gaza in aiki yaro shago. Ya ce nan ba haka ba ne. Shi yana kan keken ɗinki tun safe har bayan isha'i, kuma kasuwar garin nan ta mata ce, su ke saye, su ke sayarwa, kowane irin kaya da sarauniyarsa. Mu biyar ne a ɗaki, mu biyu da yara uku. Kafin azahar ɗin Laraba kuɗin sun ƙare.

Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, don ban sayi komai na alatu ba. Shinkafa ce, da man gyaɗa, da tumatir, da tattasai, da albasa, da ɗan nama kullum don miya ta yi armashi. Abin da na saba ɗorawa a gida ke nan. Mako na biyu ma haka aka yi, na uku ma haka. Ga shi ba mu daɗe da biyan kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule ba, kamar yadda masu gidaje suke nema a nan, aljihun maigida a bushe yake. Bai taɓa yi mini faɗa ba, amma ina ganin yadda yake yin shiru idan na ce babu.

Ko lissafin kuɗin ma sai da ya ba ni wuya. Na je kasuwar unguwarmu Aboabo na nuna kashin tumatir, mai kayan ta ce dubu hamsin. Gabana ya faɗi, na ajiye na yi gaba. Wata yarinyar gidanmu da ta raka ni ce ta jawo mini mayafi, ta ce sidi 5 ake nufi. Tun 2007 aka canza kuɗin Gana, aka cire sifiri huɗu, dubu goma ta da ta koma sidi ɗaya, amma bakin manyan matan kasuwa bai canza ba har yau. Idan an ce miliyan ɗaya, sidi 100 ne.

Gidan da muke haya irin na zango ne, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, kowace mace da kurfotinta a bakin ƙofa. Babu asirin tukunyar da ke rufuwa a irin wannan gida. Hajiya mai gidan, wadda kakanta ya zo fataucin goro ya zauna, tana kishingiɗe a barandarta da carbi tana ganin duk abin da ke shiga da fita. Wata rana na dawo kasuwa, ta ce in kawo kwandon ta gani. Ta riƙa ɗago kayan ɗaya bayan ɗaya, tana tambayata da Hausarta ta zango, wadda mace ma "ya zo" ake ce mata.

"Amarya, wannan shinkafa daga ina ya fito?"

Na ce ban sani ba, Hajiya.

"Daga bayan teku. Jirgi ya kawo shi Tema, mota ya kawo shi nan. Tumatir fa? Wannan lokaci daga Burkina. Albasa daga Nijar. Saniyan da kin sayi namanshi, daga arewa ya hau mota. 'Yata, duk abin da ke cikin kwandon ki baƙo ne kamar ke. Kuɗin mota kike biya musu."

Daren nan na daɗe ban yi barci ba ina juya maganar. Gaskiya ta faɗa. Ni na bar Katsina, na bi ta Legas da Kwatano da Lome na shigo ta Aflao, amma tukunyata tana can gida ba ta taso ba. Ƙasar Ashanti kuwa ƙasar kurmi ce, damina biyu take yi a shekara. Abin da ke fitowa a bayan gari shi ne rogo, da agada, wato babbar ayabar da ake dafawa, da gwaza da ganyenta da suke kira kontomire, da gauta, da kwakwar manja. Masara tana zuwa daga Ejura da Techiman, nan kusa, doya ma daga can wajen. Duk waɗannan ina wuce su a kasuwa ko kallo ba su ishe ni ba, don a idona ba su ne abinci ba.

Sauyawa ba ta zo da sauƙi ba. Ranar farko da na dafa agada da miyar kontomire, yadda Hajiya ta nuna mini, da manja da ɗan guntun kifin gishiri da ake kira kobi, babban yarona ya ture kwano. Ni kaina da ƙyar na haɗiye, ƙamshin kifin ya yi mini ƙarfi. Sai na fara da abin da ya fi kusa da gida. Tuwon masara da miyar ayoyo, wato lalo, wanda a nan ake ce wa tuwon zafi kuma har waɗanda ba Hausawa ba suna layi a kansa. Miyar kuka da daddawa, duka akwai su a Aboabo. Daga nan muka matsa zuwa doya da miyar gauta, sai dokunu, wato curin ƙullun masara mai tsami da ake dafawa a ganye, da barkono da kifi. Manja ya karɓi wurin man gyaɗa a yawancin girki. Nama ya koma sau biyu a mako, busasshen kifin amane ya cike sauran kwanakin, in daka shi a turmi in zuba a miya. Kajin ƙanƙara da ake kawowa daga ƙasashen waje su kaɗai ne suka karya maganar Hajiya, sun yi tafiya mai nisa amma sun fi kazar gida araha nesa ba kusa ba. Ni dai hankalina bai kwanta da yankansu ba, shi ya sa idan na je shagunan sanyi na Asafo kifi nake ɗaukowa.

Allah ya taimake ni na koyi wannan da wuri, domin shekarar ta zo da tsanani. Dala da aka fara shekara tana sidi 6 da 'yan kai, kafin Nuwamba ta haura 14. A watan Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100, kuma mu da ke riƙe da kwando mun ji ta a jikinmu tun kafin a faɗa a rediyo. Jarkar man girki da ka taya da safe, da yamma wani kuɗin ne. Buhun shinkafar waje ya fi ƙarfin talaka. A lokacin na koma shinkafar gida da ake kawowa daga arewacin Gana, mai ɗan duhu, wadda sai an zauna an tsince an rege. Da yawa suna raina ta, amma ta fi auki, kuma da ita wake da shinkafa yake yin daɗi, wanda mutanen nan suka ɗauki sunansa daga bakinmu suna ce masa wace, ana dafa shi da karan dafi ya yi ja.

Wata ƙofar da kuɗi ke zurarewa ban gane ta ba sai da na fara rubutawa. Na sami tsohon littafin makarantar yara, duk abin da na saya in sa. Bayan mako biyu na zauna na tara, sai ga shi kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin yana tafiya ne a ɗan shagon bakin layi: tumatirin leda ɗaya, ƙullin mai, ƙullin sukari, dunƙulen magi biyu, ƙullin gawayi, ruwan leda ɗai-ɗai. Kowanne ba ya kai abin da za ka tsaya tunani, shi ya sa ba ka ji. Ruwan kaɗai, idan na sayi jaka mai guda 30, sai in ga rarar da ta isa kuɗin koko na safiya guda. Daga nan na tsayar da kasuwa sau ɗaya a mako. In fita bayan asuba, in je inda motoci ke sauke kaya, da jerin abin da nake so a hannu. Na koyi kalmomi uku na Asantanci da suka yi mini aiki fiye da dogon ciniki: "eye sen", nawa ne, "te so", rage mini, "to so", ƙara mini gyara. A nan sau da yawa mai kaya ba za ta sauko daga farashi ba, amma idan ta saba da fuskarki sai ta jefa miki tumatir biyu ko damƙin barkono a kai. Don haka na daina yawo tsakanin masu kaya, kowane abu da wadda nake saye a wurinta. Mudunsu kuwa wani gwangwani ne da ake kira olonka, kuma na koyi in leƙa gindinsa kafin a auna, don na taɓa cin karo da wanda aka buga ya lotsa ciki.

Sari yana da iyaka a garin nan, wannan da hasara na gane shi. Lokacin da tumatirin gida ya fito ya yi araha, na sayi kwando guda, na yanyanka na baza a kan buhu zan yi kauɗa kamar yadda muke yi a Katsina. Kwana uku rana ba ta fito da ƙarfi ba, iska a jiƙe, duk ya yi fumfuna fari fat. Na zubar ina hawaye, don kuɗin kwana biyu ne. Garin masara ma idan ya yi yawa a ɗaki sai ya canza wari. Firiji kuma ba abin dogaro ba ne idan aka shiga ɗauke wutar da suke kira dumso. Yanzu tumatir niƙa shi nake yi da barkono da albasa, in dafa har ruwan ya ƙone, in zuba a kwalba in rufe samansa da mai. Shanya kuwa sai hunturu, tsakanin Disamba da Janairu, shi ma ba ya daɗewa. Masara ina ajiye ta tsaba, in kai inji abin da za mu ci a mako kawai.

Mu shida ne a tsakar gidan muke haɗa kuɗi. Biyu 'yan zango haifaffun nan, ɗaya Bazabarma, ɗaya Badagomba, ɗaya 'yar Bawku, sai ni. Adashi ne dai, a nan susu ake ce masa, sai dai namu ba a kwasa, kaya ake saya. Buhun masara, buhun gawayi, jarkar manja, wani lokaci rabin buhun albasa daga hannun 'yan Nijar da ke kawo ta Galmi. Aboboya guda, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya kawo mana har ƙofar gida, mu baje tabarma, Hajiya ta riƙe olonka don kada a yi rigima. Amfanin wannan ya fito fili bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyaka motocin albasa suka maƙale a hanya. Albasa ta zama abin lallaɓawa a Kumasi, mu kuwa muna da ragowar rabonmu a baje ƙarƙashin gado, ya kai mu makonni.

Ba kowane girkin gida ne ya fi saye araha ba, duk da haka ake yawan faɗa. Na yi lissafin kokon safe: gero, jiƙo, kuɗin niƙa, kayan yaji, gawayi, ga tashin dare. Mai kokon layinmu tana yi da yawa, nata ya fi nawa sauƙi, har da ƙosai. Wake ma cin gawayi gare shi, shi ya sa nake jiƙa shi tun dare, in dafa na kwana biyu a wuta ɗaya. Gas na bar shi don shayi da ɗumame, duk abin da zai daɗe a wuta kurfoti ne.

Akwai wurin da na hana kaina neman ragi. 'Yan matan da ke ɗaukar kaya a ka cikin kasuwar Kejetia da kewayenta, waɗanda ake kira kayaye, yawancinsu daga arewa suka zo, wasu da goyo a baya, wasu ba su wuce sa'ar ƙanwata ba. Na ga matar da ta gama sayen kayan ɗaruruwan sidi sannan ta tsaya tana ja-in-ja da yarinya a kan sidi ɗaya, bayan ta ɗauko mata doya tun daga cikin kasuwa har tasha. Abin ya ƙona mini rai. Ita ma baƙuwa ce a garin nan kamar ni, bambancinmu ni ina da ɗakin da zan koma. Duk tsimin da zan yi, ba a kan wuyanta ba.

Yanzu idan maigida ya ba ni na mako, kashi uku nake yi: na asusun tsakar gida, na kasuwar Asabar, da ɗan abin da nake ƙullewa a bakin zane don baƙo ko rashin lafiya. Amma kafin duk wannan, na Juma'a nake fara cirewa. Ranar nan tukunyar Katsina nake ɗorawa, komai tsadar kaya: tuwon shinkafa, miyar taushe da naman rago daga wurin mahauci, da man shanun da Inna ke aiko mini a gora idan an sami mai tahowa. Ƙaramar 'yata, wadda ta buɗe ido a nan, wani lokaci sai ta ci loma biyu ta ce ita dokunu take so, sai in ba ta kuɗi ta sayo a bakin layi. Kwanon farko na Hajiya ne. Makon jiya ta dawo mini da shi cike da dafaffiyar agada, ta aiko jikarta ta ce in faɗa wa Inna man shanun ya kusa ƙarewa.