Yadda na kashe agabe biyu da hannuna

Watana uku da fara aiki a wajen sayar da fulawa oga ya shigo da wasu tsirrai guda uku a kwali, masu kaurin ganye, launinsu toka-toka, kowane ganye da ƙaya a gefe da wata ƙatuwa a tsini. Ni dai na ɗauka alobera ce. Ya ce min "kai yaro, wannan agabe ce ta hamada, kar ka dame ta da ruwa". Na ce to Baba. Amma wallahi ta bayan kunne maganar ta bi.

Kullum da safe in na ja tiyo ina ba sauran fulawowi sai in ga tukwanensu a bushe ƙamas, tausayi ya kama ni, in ɗan zuba musu, ga shi kuma ƙasar da na sa musu irin ta kowa ce, baƙar ƙasa da takin shanu, ana haka damina ta kankama. Cikin Agusta na taɓa ɗaya sai ganyen ya biyo hannuna, gindin ya yi laɓo-laɓo yana wari kamar ruɓaɓɓiyar albasa. Bayan sati ta biyun ma ta bi ta.

Oga bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Tsugunawa ya yi ya zazzage ta ukun daga tukunya ya nuna min saiwar, duk a sama-sama take ta bazu, ba ta nitsa ƙasa ba.

Daga baya na bincika a waya. Sunanta Agave deserti, asalinta hamadar Sonora ce, wajajen kudancin Kalifoniya da Arizona a Amurka har zuwa Meziko, inda take fitowa a gangaren dutse cikin tsakuwa. Abin da ya fi ba ni mamaki, da dare take buɗe ƙofofin numfashin ganyenta, da rana ta rufe ruf don kar ruwan jikinta ya tsere. Tana yin shekara 20 ko fiye kafin ta fidda doguwar kara mai fure rawaya, sau ɗaya tak, daga nan uwar ta mutu ta bar 'ya'ya a kewaye. 'Yan ƙabilar Cahuilla, 'yan asalin can, gasa gindinta suke yi a rami su ci. Igiyar sisal ma daga wata 'yar uwarta ake samu.

Ta ukun dai mun canja mata gida, tukunyar ƙasa mai ɓuli a gindi, yashin kogi da tsakuwa su suka fi yawa, ƙasa 'yar kaɗan, muka sa ta inda rana ke dukanta amma ruwan sama bai kai mata ba. Yanzu sai na tura tsinke can ciki ya fito a bushe sannan nake ba ta ruwa, in na ba ta kuma har sai ya tsiyayo ta ƙasa. Lokacin hunturu wata guda ma sai ya wuce ban kula ta ba.

Bana ta yi 'ya'ya huɗu. Na yanko su da wuƙa mai kaifi, na shanya su a inuwa kwana biyar bakin yankan ya bushe kafin in dasa. Ranar ban sa safar hannu ba, ruwan ganyen ya taɓa min damtse, kwana biyu ina susa, oga yana ta min dariya.