Talata, ranar duba batirin Baba

Tun kafin kiran assalatu na ji tarin Baba daga ɗakinsa, busasshen nan da ke taso masa in ya kwanta miƙe. Kwanan nan sai an jera masa matashi uku yake samun barci. Da Umma ta kawo masa takalminsa sau-ciki, ƙafa ta ƙi shiga saboda kumburi, dole ya zura silifas yana ƙunƙuni. Mutumin da ko bakin titi ba ya zuwa da silifas.

Bakwai da rabi muna asibiti, sai wajen sha ɗaya aka kira mu. Zancen layi kam, kowa ya san hali.

A 2019 ne Baba ya yanke jiki ya faɗi a harabar masallaci. Da aka auna, zuciyarsa sau 34 take bugawa a minti, aka ce hanyar wutar da ke tsakanin ɗakunan zuciya na sama da na ƙasa ta katse gaba ɗaya. Aka sa masa batir, wato na'urar da ke tayar da bugun zuciya, a ƙarƙashin fata, ƙasa da kafaɗar hagu, da wayoyi biyu da suka bi jijiya suka shiga zuciya. Tun daga lokacin ni lissafina ɗaya ne: in kama hannunsa in ƙirga, in na samu 60 hankalina ya kwanta. Ko da ya fara haki in ya dawo daga sallar Juma'a, sai in ƙirga in ce ai lafiya lau, tsufa ne.

Likita ya ɗora wani abu zagayayye a kan ƙirjinsa, kwamfuta ta karanto komai. Batir da sauran ƙarfinsa, wayoyi ba su gusa ba. Sai dai cikin kowane bugu ɗari na ɗakunan ƙasa, 98 na'urar ce ke tayar da su. Daga nan aka yi hoton zuciya. Ya buɗe tsohon fayil ya nuna mini 58, ya nuna na yau, 40. Ya ce wannan shi ne kason jinin da ɗakin hagu ke turawa a kowace matsa, kuma na mai lafiya daga 50 yake zuwa sama. Gabana ya faɗi.

Sai ya juya ya tambayi Baba sana'arsa. Baba ya gyara zama ya ce shekara talatin yana jan babbar mota tsakanin Kano da Legas.

"To Baba, kai za ka fi 'yarka gane wannan," in ji shi, ya juya bayan kati ya fara zane. "Zuciya tana da kwaltarta. Wuta takan taso daga sama ta dama, ta sauko mahaɗa, ta bi wani ɗan gajeren titi, sannan ya rabu biyu, dama da hagu. Kafin ƙiftawar ido saƙo ya kai ko'ina, bangaye duka su matse tare. Wayarka kuwa can tsinin ɗakin dama take, a ƙasa. Daga nan wutar ba ta hawa kwalta, tsoka ce ke miƙa wa tsoka, lungu-lungu. Katangar tsakiya ta matse da wuri, bangon hagu na can nesa bai ma ji labari ba."

Ya nuna mana takardar ECG, wato zanen wutar zuciya. Tsinin da ya kamata ya zama siriri, ƙasa da 120 a ma'auninsu, na Baba ya baje ya kai 170.

Baba ya yi shiru yana kallon zanen, can ya ce, "Likita, wato 'yan dako biyu ne, ɗaya ya ɗaga buhu kafin ɗaya ya sunkuya. Buhu zai hau mota, amma bayan wani zai gaya masa." Likita ya ajiye biro yana dariya, ya ce shi ke nan, an gama darasi. Shekara da shekaru ana wannan ɗaukar, ɗakin hagu yakan buɗe, ƙarfinsa ya ragu.

Ni kuwa raina ya riga ya ɓaci. Na ce, "To kuskure aka yi mana ke nan?" Na ji muryata ta fi yadda na so tashi, har Baba ya ce, "Uwata, yi a hankali." Likita ya ce ba kuskure ba ne. Shekaru da dama nan ake sa wayar a duk duniya, don tana saurin shiga kuma tana zama daram, kuma yawancin masu ita ba sa samun wannan matsala. Sai a wajen 2002 da 2003 manyan bincike a Amurka suka nuna cewa in na'ura na tayar da ɗakin dama fiye da 40 cikin ɗari na lokaci, haɗarin raunin zuciya na ƙaruwa. Wasu akan saita musu na'urar ta riƙa jiran zuciya ta yi da kanta. Baba ba shi da wannan damar, tasa hanyar a katse take.

Gyara iri biyu ya faɗa. Ko dai a ƙara waya ta uku ta bi wata jijiya a bayan zuciya ta kai bangon hagu, a riƙa tayar da ɓangarorin biyu tare, ko a murɗa sabuwar waya cikin katangar tsakiya har ta taɓa reshen hagu na kwaltar, a mayar da wuta kan titinta. Kowanne sai an sake buɗe wurin batir, da haɗarin shigar ƙwayar cuta, ga kuɗi. Ya ce ba yau ba. Ya ƙara magunguna, har da na fitar da ruwa, ya rubuta gwaje-gwaje don a tabbatar ba toshewar jijiya ko wani abu daban ke jawo raunin ba. Mu dawo bayan wata uku.

Da la'asar Yaya ya kira daga Kaduna yana faɗa, wai a nemo wanda ya yi aikin farko. Na ce Yaya, wanda ya yi aikin nan shi ya sa muna da Baban da za mu yi gardama a kansa. Abin dariya, da safe ni ce ke wannan faɗan.

Bayan isha'i na ɗan duba waya. Gajeren titin nan ashe sunan wani likita ya ci, Wilhelm His, wanda ya bayyana shi a 1893, dabarar taɓa reshen hagu kuwa a 2017 likitocin Wenzhou a Sin suka fito da ita. Amma abin da na kai wa Baba shi ne labarin Arne Larsson, mutumin farko da aka dasa wa batir a jiki, a Suwidin a 1958. Batirin farko awanni kaɗan ya yi ya daina aiki, aka sake wani, a ƙarshe sai da ya yi amfani da 26, ya rayu har 2001.

Baba ya ce, "Ashirin da shida? Ni ko taya ban taɓa canzawa haka a tafiya ɗaya ba." Sannan ya tura kwanon miya gefe ya ƙwala wa Umma kira, wai wa ya ce a cire gishirin duka, likita ragewa ya ce.