Ƙaramin hoton da ke ɓoye cikin babba

Kawuna yana da shagon ɗaukar hoto a Sabon Gari. Bayan hawan Sallar bara ya kira ni da daddare, muryarsa duk ta canza. Faifan da ya tara hotunan hawan da na wani biki a Tudun Wada ya suɓuce ya faɗi ƙasa. An samu an kwaso fayil-fayil ɗin, amma in ka buɗe hoto sai saman ya fito, ƙasan ya koma toka-toka, wasu ma ba sa buɗuwa sam, sunayensu kuma duk sun zama lambobi. Ya ce, "Kai da kake karatun kwamfuta, zo ka duba min, ko na san wanne ne na wa."

Na san kyamara in ta ɗauki hoton JPEG takan cusa ƙaramin kwafinsa a farkon fayil, cikin bayanan EXIF, wato bayanan da kyamara ke rubutawa game da hoton, galibi mai faɗin ɗigo 160 da tsayin 120, kuma sashen gaba ɗaya ba ya wuce kilobait 64. Tunda ɓarnar ta fi cin ƙarshen fayil, na yi zaton ƙananan sun tsira.

Sai girman kai ya ɗebe ni, na ce da hannuna zan rubuta shirin da zai ciro su a Python, wani yaren rubuta manhaja. Alama biyu ake nema a cikin EXIF ɗin: 0x0201 tana faɗin inda ƙaramin hoton ya fara, 0x0202 tana faɗin tsawonsa. Na karanto su, na yanko, abin da ya fito ko kama da hoto bai yi ba. Ina kai har aka kira assalatu, wuta ta ɗauke sau biyu, Kawu na ta gyangyaɗi a benci. Ashe ƙirgar ba daga farkon fayil ake farawa ba, daga kan wani sashe ne da ake kira TIFF a cikin EXIF, wurin da aka rubuta II ko MM. Haruffan nan ne ma ke nuna ta wane ɓangare za a karanta lambobin. Ina gyara wannan, FF D8, alamar da hoton JPEG ke farawa da ita, ya bayyana a farkon abin da na yanko, ga doki da mahayinsa sun fito tsaf.

Washegari wani abokina a Samaru ya yi min dariya son ransa, ya nuna min ExifTool, manhajar karanta bayanan hoto da Phil Harvey ya rubuta. Layi ɗaya, exiftool -b -ThumbnailImage, ya gama abin da na kwana a kai. Ya ma fi nawa, domin a fayil ɗin NEF na kyamarar Nikon, umarnin -JpgFromRaw ya ciro mana manyan hotuna da suka isa a wanke wa amarya. Waɗanda aka turo ta WhatsApp kuwa babu komai a cikinsu, an riga an share EXIF ɗin.

Akwai hoto ɗaya da dangin ango suka sa Kawu ya yanke wani mutum daga gefe. A babban babu shi, amma a ƙaramin ga shi tsaye da babbar rigarsa, saboda manhajar da aka yi yankan da ita ba ta sabunta ƙaramin ba. Kawu ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Wato duk wanda na ba wa a filasha, yana tare da wannan?" Na ce ƙwarai, Kawu. Ya ja kujera kusa da ni, ya ce in nuna masa yadda ake goge shi kafin a ba mai hoto.