Ma'aunin da na aro daga SARS

Ƙannena masu karatun tattalin arziki, akwai wani lissafi da na yi wanda har yau in na tuna shi sai raina ya sosu.

A watan Fabrairun 2020, korona ba ta gama bazuwa ba, aka ce in yi hasashen asarar da harkar yawon buɗe ido za ta tafka. Na gina tsarin lissafi a kwamfuta, irin mai bin sawun kuɗin baƙo: daga otal zuwa direba, daga direba zuwa gidan mai, har kan manomin da ke kai wa otal ɗin kayan abinci. Wajen bin sawun kuɗin, tsarin ba shi da laifi. Inda na ɓata shi ne tambaya ɗaya: har yaushe baƙi za su ɗauke ƙafa? Sai na ɗauko SARS, cutar numfashi da ta ɓarke a 2003, na auna da ita. Waccan cuta ta girgiza Hon Kon da Singafo, amma cikin 'yan watanni jirage suka sake cika. Na rubuta wata shida, na miƙa adadi ɗaya tak.

Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona annobar duniya. A shekarar, masu tsallaka iyaka don yawon buɗe ido suka ragu da fiye da kashi 70 cikin ɗari. Tailan, da ta karɓi baƙi kusan miliyan 40 a 2019, ko miliyan 7 ba ta samu ba. Tattalin arzikin tsibiran Maldibs ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku.

Abin da ya shige mini duhu shi ne, a lokacin SARS yawanci tsoro ne ya zaunar da mutane a gida, tsoro kuwa yakan gushe. Wannan karon gwamnatoci ne suka garƙame iyakoki. Otal ya karya farashi yadda ya ga dama, ba hanyar da baƙo zai iso. Sin ma ba ta saki matafiyanta ba sai Janairun 2023.

Wanda ya fi yi mini ciwo kuma, tsarin ya ɗauka cewa duk wanda aka sallama daga otal zai samu aiki a wani wuri. Wane wuri, alhali ko'ina a rufe yake? Na ga wannan zato a lissafin, na wuce shi don na saba da shi. Bayansa kuwa akwai mai share ɗakuna da 'ya'yanta.

Don haka in aka ba ku irin wannan aiki, kada ku miƙa adadi ɗaya. Ku kawo na wata shida, da na shekara, da na shekara uku, ku rubuta zaton da kuka gina kowanne a kai tun a shafin farko. Ku ware baƙin cikin gida daga na waje, domin na gida ne suka fara dawowa. Kafin ku kunna kwamfuta kuma, ku je ku tambayi masu otal wata nawa za su iya biyan albashi ba tare da baƙo ko ɗaya ba.