Lahadi huɗu ina wa'azi a kan almajiranci a Damagaram

A daminar da ta wuce faston ikkilisiyarmu ya tafi Maraɗi jinyar mahaifinsa, sai dattawa suka ɗora mini wa'azin Lahadi huɗu a jere. Ni malamin makaranta ne, lissafi nake koyarwa, kuma ko da yake nakan hau mimbari jefi-jefi idan an yi baƙon uzuri, ban taɓa riƙe jerin wa'azi daga farko zuwa ƙarshe ba. Kafin fasto ya hau mota ya rubuta mini kalmomi uku a bayan takardar sanarwa: bangaskiya, miƙa kai, almajiranci. Ya ce in raba su yadda Ubangiji ya bishe ni.

Na fara da Luka 14:25-33, domin nassi ne da ya dace da halin mai lissafi. A nan ne Yesu ya ce wanda zai gina hasumiya yakan zauna tukuna ya lasafta abin da ginin zai ci, kada ya sa harsashi ya kasa gamawa, mutane su yi masa ba'a, ya kuma kawo misalin sarki mai mayaƙa dubu goma da zai tari mai dubu ashirin. Misalin ginin bai yi mini wuyar samu ba, domin duk wanda ya fita bakin garin Zinder, wato Damagaram, ya ga gidajen da aka tayar har zuwa taga aka bar su, tubali yana zaizayewa, awaki suna kwana a inda aka yi niyyar ɗakin amarya. Na haɗa wannan da tarihinmu. Na tuna wa jama'a cewa tun 1924 ma'aikatan ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) suka zauna a wannan gari, lokacin da Zinder take babban birnin ƙasa kafin Turawan mulki su mayar da shi Yamai a 1926, cewa an fassara Littafi Mai Tsarki duka zuwa Hausa tun 1932, kuma waɗanda suka fara ba da gaskiya a ƙasar nan 'yan ƙalilan ne, sun riƙe abin da suka karɓa a cikin kaɗaici mai tsanani. Daga nan na zo kan Jumma'ar 16 ga Janairu 2015, ranar da aka ƙona majami'u a garin nan, wasunmu suka kwana a barikin soja. Sai na nuna bencina marasa kowa da hannuna, na ce mutanen da wuta ba ta kora ba, yau yayyafi ne yake hana su zuwa sujada. Na ɗaga murya sosai. An ce amin, an kuma yi mini hannu a bakin ƙofa.

Ina shirin tayar da babur sai wata dattijuwa daga zumuntar mata, wadda dukanmu muke kira Inna, ta yafuto ni zuwa gindin dogon yaron da ke farfajiya. Tana cikin waɗanda aka ƙona wa kaya a 2015. Ta ce, "Malam, sannu da aiki, maganar da ka karanta ta Allah ce, ba mai ja da ita. Amma ɗana, yau ka zo karɓar bashi, ba ka tambayi abin da aka riga aka biya ba. Waɗanda ka yi wa faɗa ba sa nan, mu da muka zo mu muka sha. In kana so ka san dalilin benci, je ka gidajensu."

Maganar ta tsaya mini a rai har dare. Ranar Talata bayan an tashi daga darasin hutu da nake yi wa yara, na karɓi sunaye daga magatakardan ikkilisiya na fara zagaya. Gidan farko na wata mata ce da mijinta ya tafi ci-rani arewa, ya bar ta da yara huɗu. Duk mazaunin Zinder ya san yadda sha'anin ruwa yake a garin nan: famfo yana kawowa lokacin da ya ga dama, wanda kuma ya yi sakaci sai ya saya daga 'yan garuwa da kuɗin da ba shi da su. Safiyar Lahadin da nake ta faɗa, ita tana kan layi da jarkoki tun asuba. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ɗauko Sabon Alkawari da ganyensa ya yi laushi saboda juyawa, ta nuna mini inda ta tsaya da yaranta a daren jiya. Na biyu saurayi ne ɗan kabu-kabu. Babur ɗin ba nasa ba ne, kowace rana sai ya kai wa mai shi kuɗin da suka yi yarjejeniya, Lahadi ma ba a ɗauke masa ba, kuma tun da aka yi masa baftisma wasu daga danginsa suka daina cin abinci a kwano ɗaya da shi. Na uku manomi ne da gonarsa take kan hanyar Miriya, ciyawa ta taso wa hatsinsa, noman farko kuwa ba ya jiran kowa.

Ba kowa ne na tarar da uzuri ba, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Akwai wanda ya daina zuwa saboda rigimar bashi tsakaninsa da wani ɗan'uwa mai bi, wata shida ke nan, ba wanda ya je ya sulhunta su. Akwai kuma wanda zuciyarsa ta yi sanyi kawai, ya faɗa mini haka da bakinsa. Amma ko waɗannan biyun, tsawar da na yi daga mimbari ba ta kai kunnensu ba, zaman da na yi a zaurensu ne ya sa suka buɗe baki.

Da na koma ga nassin a daren Alhamis, sai na lura da abin da na tsallake. Aya ta 25 ta ce taro mai yawa yana tafiya tare da Yesu, sai ya juya ya yi musu magana. Ga masu bin ayari ne ya faɗi maganar lissafi, mutanen da ba su yanke shawara ba tukuna, domin kada su shiga da ido rufe. Kuma tun Luka 9:51 ya riga ya fuskanci Urushalima, wato mai maganar tsada yana kan hanyar biyan tasa ne da ransa. Ni kuwa na ɗauki kalmominsa na mayar da su bulala a kan mutanen da gicciye ya riga ya yi wa kanta a kafaɗa, alhali albashina yana shigowa kowane wata, ba kuma wanda ya taɓa raba kwano da ni. Tun daga ranar na ɗaura wa kaina ƙa'ida cewa ba zan yi wa'azin miƙa kai ba sai na san abin da masu sauraro suke miƙawa.

Lahadi ta biyu na nemi gafarar jama'a a taƙaice, sa'an nan na yi magana a kan bangaskiya daga Markus 9, labarin mahaifin yaro mai farfaɗiya wanda ya ce ya ba da gaskiya, amma ya roƙi Yesu ya taimaki rashin bangaskiyarsa. Na zaɓe shi ne domin a gidajen da na shiga irin bangaskiyar da na gani ke nan, mai rauni amma ba ta sake hannun Ubangiji ba. A ranar na koyi wani abu na aikin wa'azi kansa. Muna da 'yan'uwa daga Benin da Togo da kudancin Najeriya waɗanda Hausarsu ba ta yi ƙarfi ba, saboda haka akwai tafinta mai juya magana zuwa Faransanci, duk wa'azin minti ashirin kuma yakan zama na arba'in. Na yanke rabin abin da na rubuta, na ba tafintan ayoyin tun ranar Asabar.

Wa'azi na uku shi ne wanda na fi daɗewa a kansa, kuma daga kalma ɗaya ya fito. Waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa sun kira mabiyan Yesu almajirai, kalmar da masana suke cewa asalinta Larabci ne, tana nufin wanda ya yi ƙaura. A garin nan ba wanda yake bukatar a bayyana masa almajiri. Mun tashi muna ganin yara a kewaye da wutar kara da dare da asuba, kowa da allonsa, malam yana zaune a kan buzu yana gyara wa wannan karatu, yana biya wa wancan. Barar da ƙananan yara suke yi a titi abu ce da take damuna ƙwarai, na kuma faɗi haka a fili, amma ainihin ma'anar kalmar tana nan daram: almajiri yakan bar gida, ya zauna tare da malaminsa, ya ga yadda yake ci, yadda yake karɓar baƙo, yadda yake yi idan an ɓata masa rai. Na buɗe Markus 3:14, inda aka ce Yesu ya zaɓi sha biyun domin su kasance tare da shi, ya kuma aike su wa'azi. Zama tare shi ya zo da farko, aike ya biyo baya. Sai na tambayi jama'a ko akwai almajirin da yake ganin malaminsa sa'a biyu kacal a mako, daga nesa, a cikin taro. Majami'ar ta yi tsit, domin kowa ya san amsar.

Daga nan na karanta 2 Timoti 2:2, inda Bulus ya umarci Timoti ya danƙa abin da ya ji ga amintattun mutane waɗanda su ma za su iya koya wa wasu. Na roƙi duk wanda ya daɗe a cikin bangaskiya ya ɗauki mutum ɗaya, namiji da namiji, mace da mace, su riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako su karanta sura ɗaya ta Bisharar Markus, su yi addu'a, kowa ya tambayi ɗan'uwansa yadda makon ya kasance. Na zaɓi Markus saboda ita ce mafi gajarta a cikin bisharu huɗu, surori 16 ne, labarinta kuma yana tafiya da sauri. Waɗanda ba sa iya karatu aka tura musu karatun murya a waya. Inna ce ta fara tashi, ta ce matar nan mai yara huɗu tata ce, kuma a bakin famfo za su riƙa haɗuwa in ta kama.

Lahadi ta ƙarshe na kai su bakin tekun Galili a Yahaya 21, inda Yesu ya tambayi Bitrus sau uku ko yana ƙaunarsa, a gefen wutar gawayi irin wadda Bitrus ya yi musunsa sau uku a gabanta. Na yi haka ne saboda wani abu da na ji a ziyarata. Wani magidanci ya gaya mini da hawaye cewa a ranar tarzomar 2015 an tare shi an tambaye shi, tsoro ya sa ya ce shi ba Kirista ba ne, kuma tun daga lokacin bai ƙara cin Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu. Ban ambace shi ba, ban kuma kawo labarinsa ba, sai dai na tsaya a kan cewa Bitrus ɗin da ya faɗi shi ne aka ce wa ya yi kiwon tumaki. Na kuma tuna wa jama'a cewa a wannan rana akwai maƙwabta Musulmi da suka ɓoye wasunmu a ɗakunansu, ni kaina iyalina a gidan maƙwabcinmu suka kwana, saboda haka miƙa kai ga Almasihu ya haɗa da yadda muke zuwa suna da ta'aziyya a unguwa, da yadda muke rinjayar mugunta da nagarta kamar yadda Romawa 12:21 ta ce. Magidancin nan ya ci Jibi a watan da ya biyo baya, bayan ya zauna da fasto.

Ba duka haɗuwar nan ce ta ɗore ba. Da kaka ta zo aka shiga girbi, kusan rabi suka watse, na kuma lura cewa waɗanda suka tsaya su ne masu zama a unguwa ɗaya, waɗanda suka tsayar da rana da lokaci tun farko. Waɗanda muka haɗa daga unguwar Birni zuwa can bayan gari kuɗin kabu-kabu ne ya raba su, wannan kuwa kuskurena ne, domin a kan takarda na yi haɗin ba tare da duba nisa ba. Masu rigimar bashin nan kuma har yanzu dattawa suna kai da kawowa a tsakaninsu.

Ni saurayin nan ɗan kabu-kabu na ɗauka. Yakan zo zaurena kowace Laraba bayan magariba, ya jingine babur, mu ci tuwon hatsi a kwano ɗaya kafin mu buɗe littafi. Muna tafiya a hankali saboda yana da yawan tambaya, yanzu da sanyi ya shigo muna sura ta 10. A makon jiya muka karanta inda Bitrus ya ce sun bar kome sun bi Yesu, Yesu kuma ya amsa cewa wanda ya bar gida da 'yan'uwa saboda shi zai sami riɓi ɗari a wannan zamani, tare da tsanani. Ya sa na maimaita ayar sau biyu, ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Malam, akwai wani yaro a tasharmu da yake yi mini tambayoyi. In na kawo shi Laraba mai zuwa, tuwon zai isa?" Na leƙa cikin gida na gaya wa maiɗakina ta ƙara gari.