Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ziyarar Sawakin a Gaɓar Bahar Maliya

A kashin makon jiya na tsaya ne a inda muka gama jarrabawa a Hartum, aka ba mu dogon hutu, mu da ba mu da kuɗin jirgin komawa gida muka shiga tunanin abin da za mu yi da watannin da ke gabanmu. Wannan ya faru ne shekaru kaɗan kafin a raba Sudan gida biyu a 2011. Wani abokin karatuna, haifaffen gabashin ƙasar, ya gayyace ni zuwa wajen danginsa a Fot Sudan, ni kuma na amsa da sharaɗin za mu ya da zango a Sawakin, domin tun ina yaro nake jin sunan garin a bakin tsofaffin alhazan da suka sauke farali ta ƙasa, waɗanda a nan yawancinsu suka fara ganin teku da idonsu.

Muka bi tsohuwar hanya wadda ta ratsa Wad Madani da Gadarif da Kasala. Doguwar tafiya ce mai gajiyarwa, kuma ba zan tsaya a kanta ba, sai dai in ce daga Sinkat mota ta fara gangarowa daga kan duwatsu, sanyin tudu ya ƙare, wani zafi mai ɗanshi da warin gishiri ya tarbe mu. Sawakin tana kimanin kilomita 60 kudu da Fot Sudan, kuma wanda bai san tarihinta ba zai iya wuce ta yana zaton zangon manyan motoci ne kawai.

Garin kashi biyu ne. Akwai ɓangaren tudu da ake kira Al-Gaif, inda kasuwa da gidajen jama'a suke, akwai kuma ɗan tsibiri zagayayye a tsakiyar ruwa, wanda mutum zai kewaye shi da ƙafa ba tare da ya gaji ba. Teku ba ta iso garin kai tsaye ba, wata siririyar mashiga ce mai tsawo ta keto tsakanin duwatsun murjani ta buɗe a ƙarshenta ta zama tafki, tsibirin kuma yana zaune a cikinsa. Wannan tsari shi ne arzikin Sawakin na farko, domin jirgin fatake da ya shigo ya tsira daga igiyar ruwa da 'yan fashin teku, kuma ana iya ɗaure shi a jikin gidan mai kaya a sauke haja daga jirgi zuwa rumbu. Lokacin da Ibn Battuta ya biyo ta nan a wajen 1330, ya tarar mai mulkin tsibirin ɗan sarkin Makka ne, abin da ke nuna cewa tun can fuskar garin Hijaz take kallo. Bayan tashar Aizab da ke arewa ta mutu a ƙarni na 15, fatauci da aikin hajji na wannan gaɓa suka koma hannun Sawakin. Turkawan Usmaniyya suka karɓe ta a ƙarni na 16, har suka mai da ita mazaunin lardin da suka kira Habasha a 1555, sannan a 1865 aka miƙa ta ga Isma'il, mai mulkin Masar.

Muka shiga tsibirin ta gadar ƙasa da Janar Godon, Baturen Ingila da ke gwamnan Sudan a lokacin, ya sa aka yi a 1877, muka ratsa ƙofar da har yanzu ake kira da sunansa. Abin da na gani bayan ƙofar ya sa na yi tsaye na ɗan lokaci ban ce komai ba. Gidaje masu hawa biyu da hawa uku sun zube sun zama tsibi-tsibin fararen duwatsu, wani wuri bango ɗaya ne ya rage a tsaye da gurabun tagoginsa, wani wuri kuma matakala ce ta hau sama ta tsaya, benen da take kaiwa ya daɗe da faɗuwa. Hasumiyoyin masallatai biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, su ne suka fi kowane gini tsayuwa da ƙafafunsu, sai kuma gaban ofishin kwastan da ke kallon mashigar ruwa. Kuliyoyi suna yawo a cikin kangon ba mai korarsu, kuma abokina ya gaya mini cewa mutanen garin ba sa son a taɓa su, saboda tsohon zancen da ake yi cewa a wannan tsibiri Annabi Sulaiman, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tsare aljanu.

Da farko mutum zai ɗauka yaƙi ne ya yi wa garin haka, kuma lalle Sawakin ta ga yaƙi. A zamanin Mahadin Sudan, kwamandansa na gabas, Usman Digna, wanda danginsa fataken Sawakin ne, ya tara ƙabilun Beja ya kewaye garin tun daga 1883, aka gwabza da sojojin Masar da na Ingila a At-Teb da Tamai a 1884, kuma Kicina, hafsan sojan Ingila wanda ya zama gwamnan wurin a 1886, ya gina ganuwa da ƙofa a ɓangaren tudu, har ma ya samu rauni a muƙamuƙi a fafatawar Handub a 1888. Amma duk tsawon shekarun nan garin bai faɗi ba, gidajensa kuma suna nan lafiya lokacin da aka kama Usman Digna a 1900. Abin da ya kashe Sawakin ya zo ne bayan an sami zaman lafiya. Tun da aka buɗe mashigin Suwez a 1869 jiragen ruwa masu amfani da tururi suke ta ƙara girma, siririyar mashigar nan da ta yi wa jiragen katako gata ta zama musu tarko, ga murjani yana ci gaba da tsiro yana ƙara matse ta, ga kuma ƙarancin ruwan sha. Turawan mulki suka duba arewa suka zaɓi wani wuri mai zurfi da faɗi da ake kira Marsa Shaikh Bargut, suka fara gini a 1905, aka buɗe sabuwar tashar a 1909 da sunan Fot Sudan. Kwastan ya tashi, banki ya tashi, kamfanonin jiragen ruwa suka bi, 'yan kasuwa kuma ba sa zama inda kaya ba sa sauka. Kafin shekarun 1930 su ƙare tsibirin ya zama kufai.

Wani abu da ban fahimta ba sai da na ɗauki ɓaraguzan a hannuna shi ne cewa dutsen murjani ba shi da nauyi kuma cike yake da ƙananan ramuka. Magina suna sassaƙa shi, su jera, su ratsa katako a tsakani, sannan su shafe da farar ƙasa, kuma wannan shafe shi ne ran ginin, dole a riƙa sabunta shi. Da masu gida suka ƙaura aka daina shafe, iska mai gishiri da ruwan hunturu suka shiga ramukan, katakon ya ruɓe, bango ya kumbura ya buɗe. Tagogin katako masu ƙawa da ake kira roshan, irin waɗanda alhazai ke gani a tsohon garin Jidda, su ma suka bi. A ganina wannan ya fi rushewar yaƙi ciwo, domin magadan gidajen suna nan da ransu a Fot Sudan da Jidda, sun san gidajen kakanninsu, amma ba wanda zai kashe dukiya a kan gidan da ba ya kawo ko sisi.

Da muka dawo Al-Gaif sai na ga ashe garin bai mutu duka ba. Kasuwar tana ci, kuma kasuwar Beja ce: maza dogaye da fararen jallabiyoyi da falmaran a sama, wasu da sumar kai mai yawa da matsefin katako a soke, wasu kuma rataye da takobi kamar yadda wani zai rataya jaka. Raƙuma suna durƙushe a gefe an sauke musu gawayi da itace daga duwatsu, ana sayar da dawa da kifi da man shanu, masu jakuna suna zagayawa da ruwan sayarwa, kuma ko'ina ka juya akwai mai dafa gahawa da citta a ɗan tulun yumɓu da suke kira jabana. Mun ci naman da ake gasawa a kan duwatsu masu zafi, wanda mutanen gabas suke alfahari da shi. A da, ayarin raƙuma daga Barbar da ke bakin Nilu da kuma daga Kasala a nan suke sauke ƙaro da hauren giwa da gashin jimina da fatu da filasko, su ɗauki yadin Indiya da kayan yaji da sukari. Bai kamata kuma a ɓoye cewa bayi suna cikin manyan hajojin wannan kasuwa ba, ana tsallakar da su zuwa Hijaz, kuma yarjejeniyar hana cinikin da Masar da Ingila suka sa wa hannu a 1877 ba ta tsayar da shi nan take ba. Duk wanda ya yaba kyan benayen tsibirin ya kamata ya tuna da wannan.

A wata rumfar gahawa ne ina magana da abokina, na juya na yi wa kaina ƙorafin zafi da Hausa, sai wani dattijo da ke zaune kan benci ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, daga Yamma kake?" Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Daga can nake, Baba." Hausarsa tsohuwa ce, mai nauyi, tana gauraye da Larabci, kuma ya ce bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Iyayensa ne suka taso da niyyar hajji, suka bi ta Barno da Wadai da Darfur, suna tafiya suna tsayawa neman guzuri, suka yi shekaru suna tsinkar auduga a Jazira, yankin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, kafin su iso bakin ruwa. Mahaifinsa ya haye ya sauke farali ya dawo, amma guzurin komawa gida bai taɓa haɗuwa ba. Na tambaye shi ko yana da burin zuwa ganin dangi, sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, wa zan nema a can? Kabarin uwata da na ubana duk suna nan."

Labarin dattijon nan labarin dubban mutane ne da Sudaniyawa suke kira Fallata ko Takari. Hanyar ta daɗe, amma ta cika ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran masu hijira zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, masu niyyar hajji suka sami wurin ƙwadago. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, bayan attajirai da hukuma sun juya wa Sawakin baya, waɗannan talakawan alhazai ne suka ci gaba da ba ta numfashi, domin an bar wurin killace alhazai a nan, kuma ta nan aka ci gaba da ɗibar su zuwa Jidda. Wanda ba shi da takarda ko kuɗin babban jirgi yakan shiga jirgin katako da ake kira sambuk cikin dare, ya miƙa ransa ga Allah. Ba su gina benen murjani ko ɗaya ba, bukkoki suka kafa a bayan gari, amma kuɗin masaukinsu da na abincinsu da na ruwan shansu shi ya riƙe kasuwar Al-Gaif a shekarun da ba ta da wani mai saye.

Har zuwa lokacin ziyararmu sana'ar garin ba ta canza ba, mutane da dabbobi ne masu tsallakawa Hijaz. A 1991 aka buɗe sabuwar tasha a bakin mashigar, aka sa mata sunan Usman Digna, kuma daga nan jiragen fasinja suke tashi da yamma su wayi gari a Jidda, ɗauke da masu umara da masu zuwa neman aiki. Mun tsaya a bakin hanya muna kallon manyan motoci cike da raguna daga Kurdufan da Darfur suna jiran layi, domin yawancin dabbobin da Sudan ke sayar wa Saudiyya ta nan suke fita, musamman idan layya ta matso. Bayan shekaru na ji labarin cewa hukumar raya ƙasashe ta Turkiyya ta gyara masallatan nan biyu da ofishin kwastan, kuma Shugaba Erdogan ya ziyarci tsibirin a Disamban 2017 tare da shugaban Sudan na lokacin, Umar al-Bashir. Na yi murna da gyaran, ko da yake gini uku ko huɗu ba sa mayar da kufai gari, muddin ba a sami masu kwana a cikinsa ba.

Da la'asar muka yi wa dattijon sallama, ya riƙe hannuna ya daɗe yana sa mini albarka, ya kuma ce idan na koma in gaida mutanen Yamma gaba ɗaya, tun da ba shi da sunan wanda zai aika wa gaisuwa. Muka sami ƙaramar motar haya mai zuwa Fot Sudan, muka isa gidan dangin abokina bayan magariba. A can ne wani kawunsa mai aikin fiton kaya a tashar jiragen ruwa ya ba ni aikin rubuta lissafi na sauran hutun, wanda shi ne kuɗin farko da na samu da alƙalamina, kuma daga nan zan ɗora a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.