Kwana 16 da gidana a bayana

Daren da za mu bar birnin Marseille na Faransa na ɗora jakata a sikeli, ta ba ni kilo 17. Abokin tafiyata, wani ɗan Maraɗi da muke karatu tare, ya kalle ta ya ce, "Malam, ƙaura za ka yi?" Na yi dariya. Kwana biyu bayan nan dariyar ta koma ciki.

Hanyar da muka nufa sunanta GR20. Ta ratsa tsaunukan tsibirin Kosika na ƙasar Faransa, a cikin Bahar Rum, daga ƙauyen Calenzana a arewa zuwa Conca a kudu, kimanin kilomita 180, an yanka ta zango 16. Ni da na tashi a Damagaram na raina wannan lissafi. A can kuwa ba wanda ke maganar kilomita, awa ake ƙirgawa da tsawon hawa. Ranar farko kaɗai mun tashi daga ƙasa da mita 300 muka kwana a sama da mita 1,500, kuma rabin hanyar da hannu da ƙafa aka yi ta.

Kafin kwana na uku rayuwa ta koma abu ɗaya da ake maimaitawa. Ƙarshen watan Yuni ne, alfijir na ketowa wajen ƙarfe huɗu. In yi alwala da ruwan da ke sa haƙora kaɗawa, in yi salla a kan tabarmar roba da nake kwana a kai, sannan a naɗe tanti yana jiƙe da raɓa. Sammakon nan ba don zumuɗi ba ne. Hadari a tsaunukan Kosika da rana yake haɗuwa, kuma wanda tsawa ta riska a kan tsololuwar dutse riƙe da sandar ƙarfe ya san bai yi dabara ba. Saboda haka kowa burinsa ya sauka zango kafin azahar ta yi nisa. Sai a bi fenti: layi fari, layi ja, a jikin dutse ko itace. Idan ka yi minti biyar ba ka ga ko ɗaya ba, koma baya, ka ɓata.

Zangon kuwa ɗan gida ne na matafiya, da mai gadi, da filin kafa tanti a gefe. Hukumar gandun yankin ta hana kwana a ko'ina sai nan. Da isarka aiki ke jiranka: neman wurin da ba gangara, layin wanka da ruwan sanyi, wanke safa a shanya a kan dutse, sannan duba ƙafa. Ban taɓa sanin mutum zai iya zama rabin awa yana nazarin yatsunsa ba. Bororo biyu suka fito mini a dunduniya tun a Carrozzu, kafin ma mu haye gadar Spasimata mai lilo, na yi ta fama da filasta har ƙarshen tafiya. A Asco, inda mota ke isowa, na sauke girman kai na rabu da littafi, da wando na biyu, da tukunyar da ta fi ƙarfin mutum biyu. Ɗan Maraɗi bai ce komai ba, murmushi kawai ya yi, wanda ya fi magana ciwo.

Abinci shi ne inda muka bambanta da sauran. Mutanen Kosika suna alfahari da busasshen naman alade, kuma yakan shiga har cikin miyar da ake sayarwa a zango. Kullum sai na tambaya me aka sa. Cukunsu na tumaki da awaki dai mun ci, da burodi, da taliya idan an dace. Amma abin da ya riƙe mu shi ne garin kwaki da muka saya a unguwar Noailles ta Marseille kafin mu taso. Ba ya neman wuta, ba ya lalacewa, ba shi da nauyi. Ruwan marmaro, sukari, gyaɗa, madarar gari, shi ke nan. Turawa na fama da ɗan murhun gas iska na kashe musu, mu mun riga mun wanke cokali. Wani Bajamushe ya ɗanɗana, ya yi shiru, ya ce a rubuta masa sunan. Rabin ragowar garin kuwa, wani alade ne ya ci, dare ɗaya da na manta ledar a bakin tanti. Aladun can sakaka suke yawo a daji, kuma ba su da kunya ko kaɗan.

Rana mafi wuya ita ce ta barin Asco. Da can hanya ta kwazazzabon Cirque de la Solitude take bi, sai zaftarewar ƙasa ta kashe mutum bakwai a watan Yunin 2015, aka karkatar da ita ta kafaɗar Monte Cinto, tsauni mafi tsawo a tsibirin, mita 2,706. Inda muka tsallaka ya haura mita 2,600. Tsakuwa ce zalla, taku biyu gaba, ɗaya baya, ga ragowar ƙanƙara a lunguna. A sama mutane na ta ɗaukar hoto. Ni gaskiya dabino uku na ci, na zauna ina tunanin gangarar da ke gabana, don hawa numfashi yake ci, gangara kuwa gwiwa.

Ba kullum wahala ba. A tafkin Nino ciyawa ce shimfiɗe kore shar, ruwa ya yi ƙananan idanu a cikinta, dawaki na kiwo ba mai tsaronsu. Nan muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru, ba wanda ya ce mana uffan. A Vizzavona, tsakiyar hanya, akwai tashar jirgin ƙasa, kuma da yawa daga waɗanda muka saba gaisawa da su nan suka yi sallama. Na daɗe ina kallon jirgin. "Mutumina, tashi," in ji abokina, "kudu ta fi sauƙi." Ta fi ɗin, amma ba kamar yadda ya faɗa ba.

Mun wuce tsinin duwatsun Bavella, muka gangaro Conca ranar ta 16 da hantsi, zafi ya dawo, teku na ƙyalli daga nesa. Na sauke jakar a gindin wata bishiya, na miƙe zan je neman ruwan sanyi, sai na ji ina tangaɗi kamar zan kifa. Jikina ya saba da kayan, ya manta yadda ake tafiya babu su.